Tsagar da Muka Yi wa Garken Teku

Sunana Sale, mutumin Kwandiko ne ni a ƙasar Gwaram. Yanzu a Birnin Kudu nake zaune, da rana ina dako a tasha, da yamma in tafi ajin yaƙi da jahilci. Da hannuna ya fara sabawa da biro, abin da na fi son in fara ajiyewa a takarda shi ne abin da ya same mu a Koriya ta Kudu, ni da Buba.

Buba taubashina ne, ɗan kawuna, mutumin Dingaya. Ya girme ni kaɗan, ya fi ni baki da yawa. Mu biyun a bayan shanu muka tashi. Da garken gidansu ya ƙare saura 'yan ƙalilan, wani mutum a Kano ya ce mana akwai gonar shanu a Koriya da ke neman makiyaya na gaske. Buba ya sayar da ragowar shanun Kawu, ni na sayar da nawa, muka ba shi. Kafin mu tashi Buba ya dafa gwiwar mahaifinsa ya rantse ba zai sake taka Dingaya ba sai da abin da zai mayar da garken nan. Ina tsaye a wurin, na ji da kunnena.

Wanda ya tarye mu a filin jirgi yana riƙe da hotonmu a waya. Ya zuba mu a bayan mota, ya yi ta tafiya da mu har wani fili da aka tara tsofaffin ƙarafa kamar duwatsu. Sanyi kuwa, ban san akwai irinsa ba, har cikin haƙori yake shiga. Buba ya duba gabas, ya duba yamma, ya ce, "Sale, kai da kake cewa ka taɓa yi wa Bature jagora, tambaye shi ina shanun."

Na ɗora yatsu biyu a ka na yi kukan saniya. Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya shiga mota ya tafi. Ba mu sake ganinsa ba, lambarsa ma ta daina shiga. Daga baya muka gane takardar da aka yi mana ta 'yan ziyara ce, kuma ba ta daɗe ba ta mutu. Mai filin da ya ɗauke mu aiki ya san haka, don haka ran da ya ga dama ya biya mu, ran da bai ga dama ba ya nuna mana hanyar ofishin 'yan sanda da yatsa. A cikin kwantena muke kwana. Muna tsince tagulla daga baƙin ƙarfe tun safe har hannu ya daina jin komai. Abin da na fi kewa a lokacin ba tuwo ba ne, ba fura ba ce. Warin garke ne da asuba, in an yi yayyafi.

Haka muka ci sanyin farko. Wata Juma'a muka bi wasu 'yan Bangaladash zuwa wani ɗaki a saman kanti inda ake salla. Muna neman takalmanmu bayan an idar, Buba yana yi mini tsiya cewa nawa ko ɓarawo ba zai ɗauka ba, sai muka ji an ce a bayanmu, "Kai, waɗannan Hausar daga ina?"

Alhaji Mumuni ke nan, mutumin zangon Kumasi a Gana. Ya daɗe a ƙasar yana sayen tsofaffin kayan mota yana aikawa gida, yana jin yarensu kamar a can aka haife shi. Ya kai mu ɗakinsa, ya dafa mana shinkafa da wake, ya ba kowannenmu rigar sanyi mai kauri. Da ya ji labarinmu bai yi mamaki ba. Ya ce, "Ku ba na farko ba ne. Amma akwai wani tsoho a bakin teku can kudu, yana neman masu ƙarfi, kuma ba ya tambayar takarda. Kiwo ne, sai dai ba irin wanda kuka sani ba."

Buba ya ce, "Alhaji, in dai yana numfashi, zan kiwata shi."

Ƙauyen masunta ne a tsakanin tsaunuka, teku ta shigo masa lungu-lungu. Tsohon sunansa Pak, muka riƙa ce masa Baba Pak, matarsa kuma Inna. 'Ya'yansu duk sun tafi birni. Suka ba mu ɗaki a bayan gidansu wanda ƙasansa ke ɗumi, abin da ya sa daren farko Buba ya ƙi hawa katifa. Da safe Baba Pak ya sa mu a jirginsa mai inji, ya kai mu inda robobi ke yawo a kan ruwa layi-layi. Ya kunna injin jan igiya. Igiyar ta fito daga ƙasan ruwa a lulluɓe da wasu abubuwa jajaye, cunkus, kowanne kamar dunƙulen hannu, da tsiro-tsiro a jiki kamar abarba. Monge suke ce masa. Fatarsa tauri kamar ƙirgi. Yana da baki biyu a sama, ɗaya yana zuƙar ruwa, ɗaya yana fitarwa. Buba ya matsa ɗaya, ya fesa masa ruwa a ido.

Na ce, "To, ga saniyarka ta gaishe ka."

Ya ce, "Wannan ko ɗan itace ne ko dabba, Allah kaɗai ya sani. Ba kai, ba ƙafa, ba wutsiyar kore ƙuda."

Dabba ce. A manne take da igiya, ba ta zuwa ko'ina, sai ta yi shekara biyu ko uku kafin ta isa ci. Ana yanka fatar a ciro naman ciki mai ruwan ɗorawa, su ci shi ɗanye da barkono. Ni na ɗanɗana sau ɗaya don kada Inna ta ji ba daɗi. Buba bai taɓa sa shi a baki ba, amma aikin ya shige shi fiye da ni. Ba a daɗe ba ya fara gane igiyar da ta yi cunkoso, da wadda ke son a sauke ta ƙasa inda ruwa ya fi sanyi. Yakan shafa su da safar hannu yana yi musu irin kiran da muke yi wa shanu. Inna ta lura ba ma cin naman alade, ba mu faɗa mata ba, sai ta ware mana tukunya ta daban, ta ɗaura mata jan zare a hannu. In lokacin salla ya yi a kan ruwa, Baba Pak yakan kashe inji ya juya baya ya sha tabarsa har mu idar.

Alhaji Mumuni ne bakinmu. In magana ta yi nauyi sai a kira shi a waya, a ajiye ta a tsakiya. Ta haka muka san halin da ake ciki. 'Ya'yan tsohon sun matsa masa ya sayar da jirgin ya koma birni wurinsu. Ya ce su bar shi ya ga girbin bana. In ya yi kyau, zai ci gaba, mu ma muna da ɗaki da aiki a inda ba mai neman mu. In bai yi ba, shi ke nan. Da Buba ya ji wannan sai ya ce mini, "Ashe garken babana a cikin ruwan nan yake."

Da sanyi ya fara ja da baya, ruwa ya fara ɗumi, wata safiya muka ja igiya, na kama monge ɗaya, yatsana ya nutse. Fatar da wuƙa ke sha wahala kafin ta shiga ta zama kamar tumatirin da ya wuni a rana. Na ɗan ja, ta yage, kayan ciki suka zubo da wari. Baba Pak ya karɓa ya duba, ya jefa a kwando. Ya san cutar, ta taɓa zuwa. Ba ta da magani. Muka bi layi-layi, kowace igiya akwai masu laushi. Bayan ɗan lokaci, in inji ya ja igiya, rabinsu a ruwa suke zubewa kafin su iso jirgi. Maƙwabta ma haka. Mutanen ƙauyen suka daina tsayawa hira a bakin gaɓa.

Saura wuri ɗaya. Baba Pak yana da wasu igiyoyi a wani lungu na daban, bayan wani tsibiri, inda ruwa ya fi zurfi. Can cutar ba ta kai ba. Monge na can jajaye ne, masu tauri, in ka taɓa su su tsuke baki nan da nan. Kullum sai mun je mun duba su, kullum tsohon yana latsa su da babban yatsa kamar mai zaɓen kankana. Abin da ya rage masa ke nan, mu ma haka.

A hanyar dawowa daga can ne wata rana Buba ya dafa ni ya ce, "Sale, ka tuna shekarar ciwon huhu?"

Na tuna. Muna samari ciwon huhu ya shiga shanun yankinmu. Abin da iyayenmu suka gada suke yi shi ne, in saniya ta mutu da ciwon, a ciro huhunta, a yanka ƙanana. Sai a kama lafiyayyun, a tsaga fatar karan hancinsu, a cusa ɗan guntun huhun a ciki. Wurin yakan kumbura, ya yi zafi, saniyar ta yi kwanaki ba ta jin daɗi, wata ma takan mutu. Amma wadda ta tashi, ciwon ba ya sake kayar da ita. Jikinta ya ga abokin gaba tun yana ƙarami, ya san shi. Kawu ne ya yi wa garkenmu da hannunsa, ni da Buba muna riƙe ƙaho, kuma garkenmu ya tsira a shekarar da na wasu suka ƙare.

Na ce, "Buba, waccan saniya ce."

Ya ce, "Wannan ba shi da jini? Ba ka ga yadda yake tsuke baki in ya ji hannu ba? Mai rai mai rai ne. Ko so kake mu zauna muna latsa su har cutar ta zagayo tsibirin da ƙafarta?"

Gaskiya ma zuciyata ta karkata, don na ga abin ya yi aiki da idona.

Aka kira Alhaji Mumuni. Da farko ya ce, "Ni fa kayan mota na sani, kada ku sa ni a abin da ban gane ba." Buba ya ce ya dai faɗa yadda aka faɗa masa. Ya faɗa. Baba Pak ya saurara, ya sa aka maimaita, sannan ya nuna tabon allurar rigakafi a dantsensa, ya ɗaga gira. Buba ya buga cinya ya ce, "Yauwa! Ita ce, Baba, ita ce!" Inna tana bakin ƙofa tana girgiza kai, ta yi wata magana gajeriya. Alhaji ya ce cewa ta yi a jira ma'aikatan kula da kiwon ruwa su zo. Tsohon ya ce ya kira su tuntuni, kowa a gaɓar nan ya kira su, layi ake bi. Daga nan ya ce a gwada a igiyoyin gefe, ba duka ba.

Da hantsi muka yi, rana tana haske, ruwa kwance. Muka ɗauki bokitin masu laushi daga wurin da cutar ta cinye, muka kai shi lungun da ke da lafiya. Buba ya wasa 'yar wuƙa, ya yi bisimilla. Ni nake riƙe igiya, Baba Pak yana yanka ruɓaɓɓiyar fatar ƙanana, Buba yana tsaga lafiyayyun kusa da baki yana cusawa. Yadda Kawu ya koya masa haka ya yi, ba zurfi, ba faɗi. Da muka gama muka mayar da igiyoyin cikin ruwa kusa da 'yan uwansu, muka ɗauraye bokitin a wurin.

Da muka koma dubawa, bakin kowace tsaga ya yi duhu, ya ɗan tashi, ya yi tauri kewaye da abin da aka cusa. Buba ya yi kabbara har tsuntsaye suka tashi daga kan robobi. Ya ce, "Ya kama! Sale, dubi kumburin! Wallahi irin na hancin saniya ne sak!" Ya rungume Baba Pak, tsohon ya yi dariya, karo na farko tun da cutar ta zo. Ranar Inna ta soya mana kifi. Buba ya zauna yana lissafa mini sunayen shanun da zai saya, har da wadda zai ba ni aro in na yi masa biyayya.

Murnar ba ta yi nisa ba. Waɗanda aka tsaga su suka fara laushi, daga bakin tsagar abin ya bazu. Buba ya ce haka ake yi, ko a shanu wasu sukan faɗi. Sai na kusa da su suka bi, waɗanda wuƙa ba ta taɓa ba. Sai igiya ta gaba. Sai ta gaba da ita. A garke, in ka yi tsaga kana iya ware dabbar a wani turke. A teku ruwan da wannan ya fesar shi wancan yake zuƙa. Ba mu yi wannan tunanin ba, mu ukun.

Lokacin da likitar dabbobin ruwa ta iso, lungun ya riga ya tafi. Mace ce matashiya, da takalman roba da akwatin kwalabe. Ta ga tsagar a jikin wani monge, ta juya shi, ta tambayi Baba Pak. Ya faɗa mata. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta nemi a kira mai fassara, ta zauna a kan kwandon da aka kife, ta ce Buba ya ba ta labarin yadda ake yi wa shanu. Ya ba ta, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce abin da iyayenmu suke yi yana da tushe, a jikin saniya.

Ta ɗauki ɗigon ruwa daga ruɓaɓɓiyar fata ta sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, ta ce mu leƙa. Na ga wasu 'yan mitsi-mitsi masu wutsiya suna ta iyo. Ta ce su ne cutar, ta wurin rauni suke samun ƙofa, su shiga fatar su warware ta. Ta sake sa wani ɗigon, na jinin monge. Ta ce waɗannan ƙwayoyin su ne dakarunsa. In an ji masa ciwo sai su ruga wurin su taru, su haɗiye abin da za su iya haɗiyewa, su kewaye sauran, su zuba masa wani abu mai duhu. Kumburin da muka gani ke nan.

Buba ya ce, "To ai ya yi faɗa ke nan. Alhaji, gaya mata ya yi faɗa, na gani."

Alhaji ya faɗa, ta amsa, ya juyo mana da shi. "Ta ce ya yi faɗa, sosai ma. Amma ba ya riƙe fuskar abokin faɗan. Saniya da mutum, in cuta ta shige su suka tashi, akwai abin da ke zama a jininsu yana jiran ranar da za ta dawo. Monge ba shi da irin wannan. Duk ran da cutar ta zo, kamar ranar ya fara ganinta."

Buba ya ce, "Ba mai rai da ba ya tunawa."

Ta ce monge ma ɗan uwanmu ne na nesa. Yana ƙarami kamar talibambam yake, da wutsiya da wata 'yar igiya a baya inda mu muke da ƙashin baya. Sai ya sami wuri ya manna kansa, ya shanye wutsiyar, ya zauna ke nan har mutuwa. Ta ce wataƙila ko ba mu yi komai ba cutar za ta zagayo lungun, ba wanda zai iya rantsewa. Na san don ta sanyaya mana zuciya ta faɗa. Buba bai ɗago kai ba.

Baba Pak bai zarge mu ba ko sau ɗaya. Ya ce wa Alhaji shi ya riƙe wuƙar yankan, shi ya tuƙa jirgin. Aikinmu na ƙarshe shi ne janye igiyoyin duka, mu kankare su, mu shanya a gaɓa. Wari ya kama tufafinmu har sabulu ya gaza. Wani mutum ya zo daga wani gari ya duba jirgin, ya ƙwanƙwasa injin, suka yi musabaha. Babban ɗan tsohon ya zo da mota ya fara kwashe kayan gida.

Na ce wa Buba mu kai kanmu ofishin shige da fice, Alhaji ya ce wanda ya kai kansa ba a wulaƙanta shi sosai, a sa shi a jirgi kawai. Muna zaune a kan tarin igiyoyi. Buba ya ce, "Kai ka tafi. Kai ba ka rantse ba."

Na ce, "Kawu ɗansa yake so, ba saniya ba."

Ya ce, "Ka san Baba kuwa? Zai ce sannu da zuwa, ya ba ni ruwa, sannan ya dubi bayana." Ya ɗan yi murmushi. "Kuma wa zai zauna jirgi ɗaya da kai da wannan warin?"

Ya ji labarin wani tsibiri can gaba inda ake noman ciyawar teku. Ranar da za mu rabu Inna ta ƙulla wa kowannenmu dafaffen ƙwai da shinkafa a leda, ta riƙe hannuwanmu tana magana, ba waya a tsakani, ba mu ji ko kalma ɗaya ba. Buba ya hau ƙaramin jirgin fasinja da jakarsa. Ni na hau motar birni, na kai kaina, aka dawo da ni gida.

Da farko yakan bugo wa Alhaji Mumuni, Alhaji ya sanar da ni. Daga baya ya daina. Alhaji ya yi cigiya a masallatai da wurin masu jirage, ba wanda ya ce ya gan shi, ba wanda ya ce ya ji wani abu ya same shi.

Nakan je Dingaya in na sami hali, ranar kasuwar Gwaram, in hau babur daga can. Kawu ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Na ba shi labarin duka, har tsagar. Ya tambaye ni zurfin da Buba ya yi, na nuna masa da farce. Ya ce daidai ne, haka ake yi. Zuwana na baya-bayan nan na same shi a bayan gida, a filin da garken yake da, yana lalube turaku da sanda. Gara ta cinye gindinsu. Ya sa an saro masa sababbi an jingine a jikin danga.

Ya ce, "Sale, zo ka kafa mini waɗannan kafin ruwa ya sauka. Kada yaron nan ya iso da dabbobi a rasa inda za a ɗaure su."

Na karɓi dagi na fara haƙa.